Fayon: Ɗan Aiken da Ke Riƙe da Cibiyar Ƙwayar Zarra

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya a sakandare an gaya masa cewa caji iri ɗaya ba sa ga maciji da juna: biyu masu alamar tarawa in suka haɗu, ture juna za su yi. An kuma gaya masa, wataƙila a zango guda, cewa a tsakiyar kowace ƙwayar zarra akwai wata 'yar cibiya da aka cunkushe ta da furoton, kuma kowane furoton alamar tarawa gare shi. Baƙin ƙarfe yana da 26, zinariya 79, yuraniyom 92. Da wuya ka sami ɗalibin da zai ɗaga hannu ya ce, to malam, me ya hana su tarwatsewa? Tambayar kuwa ta sha kan manyan masana fiziks shekara da shekaru.

Turin da ake magana ba na wasa ba ne. A wannan fage ana awo da femtomita, wato a ɗauki milimita ɗaya a kasa ta gida tiriliyan, a ɗauki kaso guda. In aka ajiye furoton biyu da tazarar femtomita ɗaya, kowanne yana ingiza ɗan'uwansa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 23, a kan abin da babu madubin da zai nuna maka shi. Ƙarfin da ke jawo mu ƙasa ba zai ceci lamarin ba, domin tsakanin furoton biyu ya gaza turin lantarki da ninkin da sai an rubuta 1 an jera mata sifiri 36. Ke nan akwai wani ƙarfi na dabam da ke riƙe da cibiyar.

Bayan James Chadwick ya gano nutiron a Cambridge a 1932, sai siffar wannan ƙarfi ta fara fitowa. Ya fi turin lantarki nesa ba kusa ba. Yana kama nutiron, wanda ba shi da caji ko kaɗan, kamar yadda yake kama furoton. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne gajeren hannunsa: da an wuce femtomita biyu ko uku sai a neme shi a rasa, alhali lantarki da maganaɗisu suna raguwa ne sannu a hankali, ba su da inda za a ce nan ne iyakarsu. A 1934 Igor Tamm da Dmitri Ivanenko na Tarayyar Sobiyat suka gwada ko musayar elektoron da wata ƙwaya da ake kira nutirino ce ke haifar da shi. Lissafi ya ba su ƙarfin da bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya warware ƙullin wani matashin malami ne a Jami'ar Osaka ta Japan, Hideki Yukawa, wanda a lokacin bai kai shekara 30 ba. An riga an san cewa abubuwa masu caji suna jin juna ne ta hanyar musayar foton, ƙwayar haske, kuma foton ba shi da nauyi. Yukawa ya ce to bari mu ɗauka ƙarfin cibiya ma yana da nasa ɗan aiken, sai dai shi mai nauyi ne. Daga nan komai ya biyo baya. Furoton da ke zaune ba shi da rarar makamashin da zai haifi wata ƙwaya mai nauyi. Amma ƙa'idar da Werner Heisenberg ya kafa a 1927 ta bar wata 'yar kafa: ana iya samun giɓin makamashi na ɗan lokaci, kuma iya girman giɓin, iya gajartar lokacin. Kamar rance ne a wurin mai shago. Na ashana yakan ɗaga maka ƙafa har ya manta, amma na buhun shinkafa kafin ka kai ƙofar gida yaronsa yana bayanka. Foton ba ya ɗaukar rancen kirki, saboda haka yana iya zuwa ko'ina. Ɗan aike mai nauyi kuwa dole ya isa inda aka aike shi kafin wa'adi ya cika, kuma ko da gudun haske yake yi ba zai yi nisa ba.

Sai Yukawa ya juya lissafin. Tun da an san nisan da ƙarfin ke kaiwa, kimanin femtomita biyu, ana iya fitar da nauyin ɗan aiken. Amsar ta fito wajen ninki 200 na nauyin elektoron, tsakanin elektoron da furoton ke nan, tun da furoton ya ninka elektoron sau 1,836. Ya buga wannan a wata mujallar Japan a farkon 1935. A ganina wannan yana cikin lissafi mafi tsafta da aka taɓa yi a fiziks: daga faɗin abu an gano nauyin wani abu da ba wanda ya taɓa gani. Turai da Amurka ba su ko ɗaga kai ba. A zamanin, ƙirƙiro sabuwar ƙwaya don a toshe giɓin nazari abu ne da ake yi wa kallon ragwanci.

Ba a jima ba sai ga labari daga Kalifoniya. Carl Anderson da Seth Neddermeyer, suna nazarin ɓurɓushin da ke zubo mana daga sararin samaniya, suka ci karo da wata ƙwaya a 1936 zuwa 1937, nauyinta kusan ninki 200 na elektoron. Kowa ya ce ga ta Yukawa nan. Kusan shekara goma aka yi a kan wannan zato, duk da akwai abin da bai zauna ba. Ƙwayar da aikinta shi ne cuɗanya da cibiya bai kamata ta ratsa iskar sama gaba ɗaya, ta huda dutse, ta shiga ramin ma'adinai ba tare da wata cibiya ta cafke ta ba. Wannan kuwa haka take yi. A Japan, Shoichi Sakata da Takeshi Inoue sun kawo shawara tun 1942 cewa ƙwayoyin biyu ne, amma yaƙi ya hana maganar fita. Wasu matasa uku a birnin Rum, Marcello Conversi da Ettore Pancini da Oreste Piccioni, su suka kashe bakin zancen. An fara aikin ana ruwan bama-bamai, har sai da aka kwashe na'urorin aka kai wata makarantar sakandare kusa da Batikan. Suka tsayar da masu alamar ɗebewa a cikin gawayin kabon, inda ya kamata cibiya ta haɗiye su nan take. Sai ƙwayoyin suka yi zamansu har suka ruɓe don kansu. An buga sakamakon a farkon 1947. Wannan ƙwaya ita ce yau ake kira muwon, 'yar'uwar elektoron ce mai ƙiba, ba ruwanta da ƙarfin cibiya.

Ta ainihin ta bayyana a wannan shekarar a Bristol ta Ingila, kuma ba da wata ƙatuwar na'ura aka kama ta ba. Cecil Powell da abokan aikinsa suna amfani ne da faranti irin na masu ɗaukar hoto, wanda kamfanin Ilford ya yi musu da kauri da yawan sinadarin azurfa, dabarar da Marietta Blau ta share wa fage a Biyana. Ƙwaya mai caji in ta ratsa farantin, takan bar sawu na ɗigo-ɗigo da ke fitowa bayan an wanke. Giuseppe Occhialini ya kai wasu kan dutsen Pic du Midi a kudancin Faransa, mita 2,877 sama da teku, ya bar su na 'yan makonni. Da aka dawo da su, wasu mata da aka ɗauka don wannan aiki suka duƙufa a kan madubin ƙara girma, suna bin farantin taki-taki. Ɗaya daga cikinsu, Marietta Kurz, ta ga wani sawu da ya zo yana ƙara duhu yana karkacewa, alamar ƙwayar tana rage gudu, har ya tsaya cik. Daga daidai inda ya tsaya sai wani sabon sawu ya tashi ya nufi wani gefe. César Lattes, ɗan Birazil mai shekara 22 da ke cikin tawagar, ya ɗauki faranti ya hau dutsen Chacaltaya a Bolibiya, sama da mita 5,000, ya samo ƙarin irinsu. Abin da ya gamsar da kowa shi ne tsawon sawu na biyu: kullum kusan milimita 0.6, ba ƙari ba ragi. Haka ba ta faruwa sai in uwar ta rabu gida biyu kacal tana tsaye, ɗaya ya bar sawu, ɗayan ya sulale ba a gan shi ba. Uwar ita ce fayon, 'yar muwon ce, wanda ya sulale kuma nutirino.

Yukawa ya karɓi kyautar Nobel a 1949, ɗan Japan na farko da ya same ta. Powell ya karɓa a 1950, shi kaɗai. Lattes, wanda a 1948 shi da Eugene Gardner suka fara ganin fayon da aka ƙera da na'ura a Berkeley, bai samu ba, Occhialini ma haka. Birazil dai ta sa sunan Lattes a rumbun da malaman jami'o'inta ke ajiye tarihin aikinsu.

Fayon iri uku ne: mai alamar tarawa, mai alamar ɗebewa, da marar caji, wanda aka tabbatar da shi a Berkeley a 1950. A ma'aunin da masana ke amfani da shi, MeV, masu caji suna da nauyi 139.6, marar caji 135, furoton kuma 938. Ninki 273 na elektoron ke nan, bai yi nisa da hasashen Yukawa ba, kuma in aka mayar da shi cikin lissafinsa yana ba da zangon femtomita 1.4. Mai caji da aka sake a fili yakan rayu kashi 26 cikin biliyan na daƙiƙa. Marar caji bai kai ko kusa ba, ya fi shi gajeren kwana sau miliyan 300, yakan narke ya zama foton biyu.

Mai karatu zai iya cewa, to an ga fayon a faranti, amma wa ya gan shi yana kai-komo a cikin cibiya? Ba wanda ya gani, kuma bai kamata a ɗauka wani ɗan dunƙule ne ke tashi daga nan ya sauka can ba. Amma sawunsa a bayyane yake. Furoton in ya saki fayon mai alamar tarawa, ya rabu da cajinsa ke nan, ya koma nutiron, shi kuma nutiron ɗin da ya karɓa ya zama furoton. A ƙarshen shekarun 1940 an harba nutiron masu gudu kan haidurojin a Berkeley. Da ƙarfin jan juna ne kawai, yawancinsu za su ɗan goce ne su wuce gaba a nutiron ɗinsu. Sai aka ga furoton masu yawa suna fitowa ta gaba da kusan dukan gudun da nutiron ya shigo da shi. Wanda ya shiga shi ne ya fita, caji kawai ya ɗauka a hanya.

Shaida ta biyu tana cikin cibiya mafi sauƙi da ke da 'yan gida biyu, ta haidurojin mai nauyi, furoton ɗaya da nutiron ɗaya. Cikin kowace ƙwayar haidurojin 6,400 na ruwan teku akwai irinta guda. Riƙon nata sako-sako ne, MeV 2.2 ya isa ya raba su, don haka suna yawan zama nesa da juna, inda fayon ne kaɗai ke iya kaiwa. A 1939 tawagar Isidor Rabi a Jami'ar Columbia ta gano cewa wannan cibiya ba dunƙulalliya ba ce, ta ɗan miƙe ta gefen da 'yan cikinta ke juyawa. Ƙarfin da nisa kawai ya sani ba zai haifar da wannan siffa ba. Sai wanda ke la'akari da inda juyin kowannensu ya fuskanta, kuma musayar fayon tana ba da irin wannan ƙarfi, da girman da ya dace da awo. Ba ƙaramin al'amari ba ne, domin matakin farko na wutar da rana ke ci shi ne haɗa wannan cibiya.

Sai dai fayon ɗaya ba shi ne dukan labarin ba. Daga femtomita biyu zuwa waje, filin nasa ne. Tsakanin ɗaya da biyu, inda jan ya fi tsanani, yawancin aikin na fayon biyu ne da ake musaya a tare. In aka matso ƙasa da kamar rabin femtomita, sai jan ya rikiɗe ya zama turi mai tsanani, wanda shi ya sa cibiya ba ta lotsewa, kuma cunkoson cikinta kusan ɗaya ne ko ƙarama ce ko babba.

Gajeren hannun nan shi ke bayyana halin yuraniyom ɗin da ake tonowa a Arlit ta Nijar tun 1971. Faɗin cibiyar yuraniyom ya kai femtomita 15, zangon fayon kuwa 1.4. Kowane furoton maƙwabtansa na kusa ne kaɗai ke riƙe da shi, amma sauran 91 ɗin duka suna tura shi, na kusa da na nesa. Iya girman cibiya, iya yadda turi ke cim ma riƙo. Shi ya sa bayan darma, mai furoton 82, babu sauran sinadarin da ke zaune daram har abada. Nutiron ɗaya in ya faɗa cikin yuraniyom-235 sai cibiyar ta yi tangal-tangal ta miƙe, gefe biyun su fita daga hannun juna, lantarki ya wurgar da su. Kusan MeV 200 ke fita a kowace tsagewa, kuma kaso mafi tsoka na wannan makamashi da muke kira na nukiliya turin lantarki ne da aka daɗe da ɗaurewa. Abin da ke gudana ke nan a cikin 'yar tukunyar bincike mai kilowat 30 da ta fara aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 2004.

A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig suka kawo maganar kwak, sai martabar fayon ta yi kamar za ta zube. Ashe furoton da nutiron kowanne kwak uku ne, fayon kuma kwak ɗaya ne da kishiyar kwak. Ainihin ƙarfin yana tsakanin kwak ne, kuma masu ɗaukarsa su ne guluwon, marasa nauyi. Littattafai da yawa daga nan sukan ambaci Yukawa a layi biyu su wuce, kamar wanda aka yi wa ritaya. Ina ganin wannan rashin adalci ne ga lissafin kansa. Kwak ko guluwon ba ya iya fita daga cikin furoton shi kaɗai, ba a taɓa kama ɗaya a sake ba. Abin da zai ƙetara zuwa maƙwabci dole ya zama haɗin da ya cika, kuma cikin irin waɗannan haɗe-haɗe babu mai sauƙin nauyin fayon. Mafi sauƙi shi ke kaiwa mafi nisa. Hujjar 1935 tana nan yadda take, an dai gano abin da ke ƙarƙashinta ne.

Abin tambaya na gaske shi ne me ya sa yake da sauƙi haka. Akwai wata ƙwaya, ro, da aka yi da kwak iri ɗaya da na fayon, bambancinsu kawai yadda juyin kwak ɗin ya jeru, amma nauyinta 775 ne, fiye da ninki biyar. Amsar ta fito daga Yoichiro Nambu, haifaffen Tokyo da ya yi aikinsa a Chicago, tun 1960 da 1961, kafin ma a san da kwak. Dokokin wannan ƙarfi suna da wani daidaito tsakanin masu juyin dama da masu juyin hagu, amma sararin da muke ciki, ko da babu komai a cikinsa, bai kiyaye daidaiton ba. Duk inda aka sami haka, lissafi ya nuna dole a sami ƙwayoyi marasa nauyi. Fayon uku su ne waɗannan. Ɗan nauyin da suke da shi ya zo ne saboda kwak iri biyu da ake haɗa su da su ba su rasa nauyi kwata-kwata ba, ɗaya wajen MeV 2, ɗayan wajen 5. Da za a ninka nauyin kwak sau huɗu, na fayon sau biyu zai ninku, zangonsa ya ragu da rabi. An ba Nambu Nobel a 2008, yana da shekara 87.

Wannan fahimta ce Steven Weinberg ya mayar kayan aiki a 1990. Warware dokokin kwak kai tsaye don a fitar da halin cibiya yana cinye manyan kwamfutoci, kuma har yau ƙananan cibiyoyi ake fama da su. Weinberg ya nuna yadda za a rubuta ƙarfin da furoton da nutiron da fayon kaɗai, mataki-mataki: fayon ɗaya tukuna, sannan biyu, sannan uku, kowane mataki gyaran da yake kawowa bai kai na bayansa ba. A cikin wannan tsari wani abu da Jun-ichi Fujita da Hironari Miyazawa suka hango tun 1957 ya sami mazauni. In 'yan gida uku ne, na tsakiya yana iya karɓar fayon daga na farko, ya kumbura na ɗan lokaci ya zama wata ƙwaya mai nauyi 1,232, sannan ya miƙa wa na uku. Wannan ƙarfi ne da ba ya wanzuwa sai mutum uku sun hallara. In aka bar shi, lissafin riƙon cibiyar tiritiyom mai 'yan gida uku, wanda awo ya ba da MeV 8.5, yakan gaza da rabin MeV zuwa ɗaya.

A wajen cibiya ma fayon bai zauna banza ba. Furoton da ke zuwa daga sararin samaniya suna dukan iska a wajen kilomita 15 sama da kanmu, su haifi fayon, fayon su haifi muwon, kuma kowane minti kusan muwon ɗaya na ratsa kowane murabba'in santimita na doron ƙasa. Da irin waɗannan muwon aka gano wani babban kogo a cikin dalar Khufu ta Masar a 2017. An kuma gwada fayon wajen maganin ciwon daji, a Los Alamos daga 1974, sannan a Kanada da Suwizalan. Dabarar tana da kyau a takarda: mai alamar ɗebewa yakan ratsa lafiyayyen nama, ya tsaya a cikin ƙarin, wata cibiya ta haɗiye shi ta fashe a nan. An yi wa marasa lafiya fiye da dubu, sakamakon bai fi na hanyoyin da ake da su ba, ga tsada, sai aka daina a shekarun 1990 aka koma ga furoton da kabon.

Inda kasuwarsa ke ci a yau shi ne wajen masu binciken nutirino. A Tokai, gabashin Japan, ana harba furoton kan sandar kabon, fayon su yi ta fitowa, wasu maganaɗisu su tattara su su cusa su cikin rami mai tsawon kusan mita 100, inda suke ruɓewa a guje. Nutirinon da suka haifa sukan ratsa ƙarƙashin ƙasa kilomita 295 zuwa tankin ruwan Super-Kamiokande. In aka juya wutar maganaɗisun, sai a tattaro fayon masu alamar ɗebewa maimakon masu tarawa, abin da zai isa tankin ya zama kishiyar nutirino, kuma da kwatanta biyun ne ake neman sanin ko abu da kishiyarsa doka ɗaya suke bi.